Yau zuma, gobe maɗaci: kada mu raina hirar zaure

  

Akwai wata muhawara da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu, kusan duk inda Hausawan Kurmi suka buɗe zauren WhatsApp sai an taɓa ta. Wasu daga cikin dattawanmu da masu kula da zauruka suna ganin surutu ya yi yawa. Wannan ya shigo ya ce motar kayansa ta lalace a hanya tun jiya, wancan ya ce ɗansa ya fara tafiya, wata ta ce mudun shinkafa ya ƙara kuɗi, wani kuma ya turo murya ta minti 3 yana ba da labarin yadda ruwan sama ya shigar masa shago. Shawararsu ita ce a kulle zaure, kada kowa ya yi magana sai shugabanni, a bar shi don sanarwar rasuwa da ɗaurin aure da suna da taron ƙungiya.

Muna girmama masu wannan ra'ayi, kuma za mu zo kan hujjojinsu, domin ba a banza suke magana ba. Amma a namu ganin, wannan 'yar hirar yau da gobe da ake kira surutu ita ce gishirin miyar. Ranar da aka cire ta, abin da zai rage allon sanarwa ne kawai, kuma allo bai taɓa tambayar kowa ya ya kwana ba.

Mu waiwaya mu ga yadda iyayenmu suka zauna a wannan ƙasa. Tun da layin dogo ya isa Kano a 1911, fataucin goro da shanu ya buɗe, Hausawa suka yi ta gangarowa. An kafa Sabon Badun a 1916, aka samu zango a Agege da Shagamu da sauran garuruwan goro. Baƙo idan ya sauka daga jirgi, gidan maigida yake nufa. Can zai ajiye kayansa, can zai ci tuwo, can zai ba da ajiyar kuɗinsa. Da dare kuma a zaure ake haɗuwa, a yi ta hira: nawa huhun goro ya kai yau, wa ya biya bashinsa, wa ya fara zille-zille, matar wa ta sauka, wa aka aiko masa daga gida cewa mahaifiyarsa ba lafiya. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Badun a farkon shekarun 1960, kuma abin da ya gano shi ne yawancin cinikin shanu a kan bashi ake yin sa, maigida ne ke tsaya wa fatake a kan cewa mahauci zai biya. To ta yaya maigida yake sanin mahaucin da za a ba wa sa da wanda za a hana? Ta wannan hirar ce ta kullum, wadda baƙon ido zai ɗauka zaman banza ne. Ashe da ita aka riƙe dukiya mai yawa ba tare da takarda ko lauya ba.

Yau fa? Zangunan suna nan, sarakunan Hausawa suna nan, amma yawancinmu ba a cikinsu muke kwana ba. Ga maigadi a Lekki shi kaɗai a ɗan ɗakin bakin ƙofa, ba shi da ikon barin gidan sai da izini. Ga ɗan acaɓa a Ikorodu, mai shayi a Diobu ta Fatakwal, ɗan gwangwan a bayan Anacha, mahauci a Oko-Oba, dillalin shanu a Lokpanta ta jihar Abiya, ɗan gwari a Mile 12, mai ɗinkin takalmi da ke yawo da akwatinsa a titunan Benin. Wanda ke Ajah, kafin ya je Agege ya dawo ya kashe yini guda a cunkoson motoci, kuɗin motar ma ya kusa cinye ribarsa ta ranar. Majalisar bayan isha'i ta gagari mutane da yawa. Abin da ya rage musu shi ne wayar da ke aljihu. A cikinta suka samu mutanen da suka san muryarsu, suka san abin da ke ba su dariya da abin da ke ɓata musu rai, alhali idan suka haɗu a tasha wataƙila su wuce juna ba su gaisa ba.

Kuma wannan ba sabon abu ba ne a wajenmu. Manyanmu suna tuna 'yan Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, mutanen da suka shekara da shekaru suna aika wa juna gaisuwa ta kati, wani a Jos, wani a Badun, wani a Maraɗi, suna sanin sunayen juna da laƙabin juna tun kafin ido ya ga ido. Kafin wayar salula ta shigo a 2001, ɗan ci-rani direba yake ba wa wasiƙa, ko ya naɗi muryarsa a kaset ya aika gida. Bahaushe dai tun asali ba ya iya zama da labari a cikinsa, daɗi ko wuya. Abin da ya sauya kawai shi ne hanyar isar da shi.

Yanzu bari mu faɗi abin da ya sa muke cewa kada a raina ƙaramin kuka.

Ɗan ci-rani yana da wata irin damuwa da ba kowa yake lura da ita ba: ba shi da wanda zai faɗa wa gaskiyar halin da yake ciki. Idan ya kira gida, can ma jiransa ake yi. Uwa tana jiran kuɗin magani, mata tana jiran na cefane, ƙane yana jiran na jarrabawa, ga taki ana so a saya kafin damina. Duk wanda ya ɗauki wayar, abin da yake son ji shi ne "na turo". Da wane baki zai ce musu yau kwana 4 bai yi cinikin kirki ba? A ƙauye an ɗauka duk wanda ya tafi Ikko shebur yake sa wa yana kwasar kuɗi. Maƙwabcinsa na nan kuwa mutumin kirki ne wataƙila, amma harshe ya raba su, gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Ga kuma tarbiyyar da aka yi mana cewa namiji ba ya kuka, a haɗiye a ce alhamdulillahi. Godiya ga Allah wajibi ce, babu mai ja. Amma zuciya ma tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Saboda haka idan irin wannan mutum ya shigo zaure da ƙarfe 11 na dare ya ce "yau kam kasuwa ta yi mana wuya", kada mu ɗauka ya rasa abin yi ne. Mai yiwuwa wannan ce kaɗai maganar gaskiya da ya samu damar furtawa tun safe. Wanda ya ba shi amsa da cewa "wallahi mu ma nan haka take, sai haƙuri, gobe ma rana ce" bai ba shi ko sisi ba, amma ya sauke masa rabin kayan, don ya nuna masa ba shi kaɗai ba ne, kuma ba gazawarsa ba ce.

Haka abin yake a wajen mata, har ma ya fi. Yarinya ce aka ɗauko amarya daga Daura ko Gumel, aka kawo ta ɗaki ɗaya a gidan haya mai ɗakuna a jere, banɗaki na kowa da kowa, maƙwabta ba mai jin yarenta. Miji ya fita tun asuba sai dare. A gida, da ta yi ciki akwai gwaggo da inna da yaya, akwai mai dafa mata ruwan wankan jego da mai dama kunun kanwa. A nan waya ce gwaggonta. A zauren mata take tambayar ina ake samun daddawa da kuka masu kyau, wane asibiti ne ake zuwa awo ba a wulaƙanta mutum, yaya ake yi da jariri mai kukan dare. A nan take faɗin cewa yau tuwonta ya yi gudaji, a yi dariya tare. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wanda ya ce a rufe mata wannan ƙofa don tana cinye masa data, bai san abin da yake rufewa ba.

Abu na biyu, ba a fafe gora ranar tafiya. Amanar da ake buƙata ranar babbar matsala, a ƙananan ranaku ake gina ta. Mu tuna abin da ya faru bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022. Zuwa watan Fabrairun 2023 takardar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane, masu POS suna sayar da naira da naira, layi a bakin bankuna tun kafin gari ya waye. Kayan gwari ba sa jiran kowa, tumatir idan ya kwana biyu a rana ya zama na zubarwa. Mai saye yana cewa sai dai tiransifa, da yawa daga cikin 'yan uwanmu kuwa ba su da asusun banki. Yaya aka yi? Wani ya ara wa wani lambar asusunsa, wani ya sanar cewa wuri kaza ana ba da kuɗi yau, wani ya ce wanda yake son a kai wa iyalinsa kuɗi a Kano ya tura masa, ƙanensa zai ba su a hannu. Ba za ka yarda cinikinka na yini ya shiga asusun mutumin da ba ka sani ba. Wanda aka yarda da shi shi ne wanda aka shekara ana jin muryarsa, aka ga yadda yake magana idan ya samu da idan ya rasa.

Haka aka gani lokacin da gwamnatin jihar Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 daga ranar 1 ga Yunin 2022, aka riƙa kama babura ana murƙushe su. Yara matasa da yawa sun wayi gari ba jari ba sana'a, wasu ma babur ɗin na bashi ne. A irin waɗannan zauruka aka riƙa jin wa ke neman yaron shago, ina ake ɗaukar masu gadi, wace mota ce za ta koma Arewa da sauran wuri a baya. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma kusan 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta haura 1,000. Tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Kano ta zama abin da sai an yi lissafi, mutane da yawa suka yi Sallah a nan ba don suna so ba. Wa ya ɗebe musu kewa? Mutanen da suke turo musu hoton hawan Sallah, da wanda ya ce "duk wanda ke kusa da mu ya zo mu ci nama".

Akwai kuma ilimin da ke fitowa daga ƙorafi. Wani zai ce mai gidan haya ya ba shi wata guda ya tashi, sai wani da ya taɓa shiga irin wannan ya gaya masa cewa a dokar haya ta jihar Legas ta 2011, mai biyan kuɗin shekara yana da haƙƙin a ba shi sanarwar wata 6 idan babu wata yarjejeniya da ta ce akasin haka, kuma dokar ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni. Da bai yi kukan ba, da ya kwashe kayansa ya fita cikin ruwa. Wasu ɗari da suka yi shiru suna karantawa su ma sun ƙaru.

Abu na uku shi ne wanda ya fi taɓa mu. Sai mutum yana magana ake gane ya yi shiru. Wanda kullum da asuba yake yin sallama, yake tsokanar abokin wasansa, idan aka kwana 3 ba a ji ɗuriyarsa ba, dole wani ya ce "wai ina wane?" Mu da muke zaune a nan mun san abin da wannan tambaya take nufi. Mutum yana iya kwanciya zazzaɓi a ɗaki shi kaɗai ba mai miƙo masa ruwa. Ana iya kwashe shi a kamen dare a tsare, babu wanda ya san ofishin da yake. Mota tana iya buge shi a kai shi asibiti a matsayin wanda ba a san danginsa ba. Iyayensa a gida sunan garin kawai suka sani, ba su san unguwa ba balle ɗaki. A zauren da shugabanni kaɗai ke magana, wa zai lura wani ya ɓace? Sai dai a ji sanarwarsa daga baya, a yi ta jero innalillahi.

Kada kuma mu manta da daɗin. Duniya ba maɗaci ce zalla ba. Wani ya gama biyan kuɗin kekensa mai ƙafa uku, yau ya zama nasa. Wata 'yarta ta kai izu 10. Wani ya samu ya rufa wa mahaifiyarsa ɗaki da kwano kafin damina. Wani bayan shekara 5 yana dako ya kafa teburin kansa. Waɗannan ba za su taɓa shiga sanarwar ƙungiya ba, amma a wajen mai su sun fi ƙarfin a kwana da su a ciki. Da yawa suna ɓoyewa don tsoron kambun baka da hassada, kuma ba mu ce mutum ya baje komai nasa a faifai ba. Sai dai farin cikin da ba a samu mai taya ka ba ragagge ne. Mu saba wa bakinmu da "Allah ya sanya alheri" da zuciya ɗaya. Yaron da ya zo jiya yana kwana a masallaci, idan ya ji wanda ya fara kamarsa yau ya kafa teburi, ya samu dalilin tashi gobe.

To, mu koma kan masu cewa a kulle. Hujjarsu ta farko labarin ƙarya ce, kuma gaskiyarsu ne. Ba mu manta da daren watan Agustan 2014 ba, lokacin cutar Ebola, da saƙo ya zagaye ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi iyalansu da tsakar dare, wasu suka ƙare a asibiti, wasu ma suka rasa rayukansu. Mu da muke baƙunta kuwa, haɗarin ya fi haka. Rikicin kasuwar Shasha a Badun a Fabrairun 2021 ya faro ne daga saɓanin mutane ƙalilan a gaban shago, kafin ya zama asarar rayuka da dukiya. A irin wannan lokaci tsohon bidiyo na wata ƙasa yana iya shigowa da sunan abin da ke faruwa yanzu a bayan layinmu, ya tayar da hankalin yaranmu a nan, ya kuma jawo a taɓa baƙin da ke zaune a garuruwanmu na Arewa, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Magana zarar bunu ce. Amma mu lura: abin da ke kawo wannan ɓarna saƙon da aka turo daga wani wuri ne, wanda ba a san mai shi ba. Mutumin da ya ce "ni ne, ga abin da ya same ni yau" ana iya kiransa a tambaye shi. Hasali ma, maganin jita-jita shi ne a samu wanda aka sani a wurin ya ce "ina Mile 12 yanzu haka, lafiya lau ake ciniki". Dokar da ta dace ita ce: abin da ba ka gani da idonka ba, ba ka kuma san wanda ya gani ba, kada ka turo.

Hujja ta biyu roƙo da damfara. Wannan ma akwai shi. Akwai wanda kullum matarsa tana asibiti, akwai mai ɗauko hoton majinyacin da bai sani ba ya liƙa lambar asusunsa, akwai ɓarayin da ke sace lambar mutum su bi abokansa suna neman rance da sunansa. Maganin wannan iyayenmu sun riga sun bar mana: gani ya kori ji. Duk neman taimakon kuɗi ya bi ta hannun shugabanni, a tura mutum biyu su je su gani, a tara a wuri ɗaya, a faɗi abin da aka tara da inda ya tafi. Wanda aka aiko masa saƙon rance da sunan aboki, ya kira ya ji muryarsa kafin ya tura. Sannan mu bambance mai kuka da mai roƙo. Yawancin masu cewa yau an sha wuya ba kuɗin kowa suke nema ba. Idan muka riƙa kallon kowane mai ƙorafi a matsayin mai shirin miƙo kwano, masu mutunci za su yi shiru, 'yan damfara kuwa ba sa jin kunya, su za su rage.

Akwai laifi na uku da ba a cika ambata ba, kuma a ganinmu shi ne ya fi kashe zaure: cin amanar hira. Mutum ya faɗi damuwarsa a tsakanin waɗanda ya ɗauka 'yan uwa, sai wani ya ɗauki hoton maganar ko ya tura muryar zuwa garinsu. Kafin gari ya waye surukansa sun ji cewa jarinsa ya karye, masu binsa bashi sun taso. Mace ta nemi shawara a kan zamanta da miji, sai ga maganar a kunnen uwar mijin. Wani kuma ba'a zai mayar da abin, ko ya yi habaici a sitatus. Wani da ya ga mace ta yi magana sai ya bi ta ta bayan fage da saƙon da bai dace ba. Irin waɗannan su ya kamata a fitar, ko su waye, ko nawa suke bayarwa a gudummawa. Abin da aka faɗa a zaure amana ne, kamar yadda yake a zauren maigida na da. Haka rigimar siyasa da ta bambancin fahimtar addini: kowa yana da inda zai je ya yi ta, amma a nan ɗan Izala da ɗan ɗariƙa kuɗin haya ɗaya suke biya, rana ɗaya ke dukansu.

Sai dai akwai wata magana da ta shafe mu duka, masu son a kulle da masu son a buɗe. Zumunta a ƙafa take. Waya ta sauƙaƙa gaisuwa har ta kusa zama ba komai. Wani zai ce ɗansa yana kwance, cikin minti 5 sitika 40 ta sauka ta "Allah ya ba shi lafiya", kowa ya ji ya sauke nauyi, alhali a cikin masu turowar akwai wanda tsakaninsa da asibitin tafiyar ƙafa ce. Addu'a babban abu ce, ba mu raina ta ba. Amma mai jinya yana buƙatar wanda zai zauna da yaron ya je ya yi salla, da wanda zai kawo ruwan zafi a fulas, da wanda ke jin Turanci ko Yarbanci ko Igbo da zai tsaya ya fahimci abin da likita yake faɗa. Hira tana da amfani ne idan tana kai mu ga juna.

Saboda haka ga abin da muke roƙo, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu. Idan ɗan uwa ya faɗi damuwa, wanda ya fi kusa da shi ya kira shi, kiran minti 2 ya fi sitika 100. Kowane zaure ya san mutanensa unguwa-unguwa, a samu wanda za a ce masa "wane yana yankinku, leƙa shi". Kowannenmu ya ba wa mutum ɗaya amintacce kwatancen inda yake kwana da lambar wani nasa a gida, musamman gwauraye da sababbin zuwa. Idan maganar ta rashin lafiya ce mai tsanani, kamar mai ciki da ke zubar da jini ko yaro mai jijjiga, kada a tsaya jero magungunan gargajiya, a ce a tafi asibiti yanzu, wanda ke da abin hawa ya taimaka. A Legas lambar gaggawa 112 kyauta ce. Masu ilimin boko su yi haƙuri da masu turo murya, ba kowa ne ya iya rubutun ba, kuma bakinsa bai fi naka ƙanƙanta ba. Masu turo muryar su ma su taƙaita, data kuɗi ce. Idan sanarwa tana nutsewa a cikin hira, a buɗe mata nata wurin daban, shugabanni su riƙe shi, a bar wa jama'a nasu su sha iska.

Dattawanmu, Allah ya ƙara girma, mun san tsoron fitina ne ya sa kuke son a yi shiru, kuma kun ga abin da ba mu gani ba. Muna roƙon ku zauna a cikin hirar, ku tsawata inda aka kauce, ku sa baki inda yaro ya rikice. Kalma ɗaya daga bakin babba, "yi haƙuri ɗana, mu ma mun ga irin wannan a zamaninmu", tana iya hana matashi yanke shawarar da zai yi nadama. Matasa kuma, a riƙa sallama, a riƙa sanin da wa ake magana.

Dukkanmu nema ya fito da mu, kuma babu wanda ya san ranar da zai zama shi ne mai cewa "jama'a, yau kam sai addu'a". Wanda ya saurari na wani yau, shi ma zai samu mai sauraronsa.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu kasuwa mai albarka, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya mayar da kowa gida da alheri. Amin.